Tashar da Jirgi Ya Daina Shan Ruwa



Duk wanda ya tashi a Fagge irina, kukan jirgin ƙasa ba baƙonsa ba ne. Da shi muke tashi, da shi muke kwana. Shi ya sa har yau in na sauka a wani gari, bayan masallaci da kasuwa, abu na uku da nake tambaya shi ne tashar jirgi. Abokan tafiyata har tsiya suke min, wai fatauci na zo ko neman aikin reluwe. To wannan hali nawa ne ya zaunar da ni a wata ƙaramar tasha a ƙasar Jazira ta Sudan, cikin hunturun farkon 2017, inda wani tsoho ya ba ni karatun kasuwa wanda shekara talatin a kasuwa ba ta ba ni ba.

Cinikin zoɓorodo da riɗi da turaren wuta ne ya kai ni Hartum. Amma kafin na bar gida, gwaggona ta ɗora min wani nauyi. Ta ƙulle min daddawa da goro, ta ba ni wata lambar waya a jikin takarda, ta ce, "In ka je ƙasar nan ka dawo ba ka ga Baffanka ba, kada ka shigo min ɗaki." Wannan Baffa ɗan ƙanen kakana ne, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu.

Ga yadda abin ya samo asali. Ƙanen kakan nawa ya bar ƙauyenmu na ƙasar Kano shi da matarsa tun kafin yaƙin Hitila, da niyyar aikin hajji. Hanyar da kowa ke bi a lokacin ita suka bi: Maiduguri, Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, Abeche, Jinaina, Fashir, har Ubayyid. Wani wuri a ƙafa, wani wuri a jaki, wani wuri a bayan lori, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago. A Ubayyid ne alhazan ƙasa ke fara ganin layin dogon Sudan, don tun wajen 1912 jirgi ya isa can. Daga nan ƙarfe ne har bakin Bahar Maliya. Sai dai kuɗin da ke ƙugunsa bai kai na tikitin Bur Sudan ba. Ya sayi na inda kuɗin ya tsaya, wato Sinnar, da nufin ya yi tsinkar auduga kaka ɗaya, ya cika kuɗi ya wuce. Kaka ɗayan nan ita ce ta zama shekara arba'in. Irinsa suna da yawa, har wani malamin jami'a, C. Bawa Yamba, ya yi littafi a kansu a 1995, ya kira su mahajjatan dindindin.

Na hau bas daga Hartum da sassafe, muka nufi kudu. Layin dogo yana ta bin gefen titi, wani wuri ya matso, wani wuri ya ɓuya a bayan gidaje. Kafin mu isa Wad Madani ƙasa ta riga ta baje. Jama'a, ban taɓa ganin ƙasa mai shimfiɗa irin Jazira ba. Ba tudu ba kwari, kai ka ce an bi ta da dutsen guga. Baƙar laka ce, wadda da rani take tsagewa har ƙafa ta shige, da damina kuma ta riƙe takalmi ta hana shi. An yayyanka ta da magudanan ruwa a miƙe, manya da ƙanana, waɗanda suke kira tur'a. Ruwan duk daga madatsar Sinnar yake fitowa, wadda aka gama ginawa a kan Kogin Nilu Shuɗi a 1925. A shekarar aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira da feddan 300,000, daga baya aka ƙara yankin Manaƙil har ya kai wajen feddan miliyan 2. Feddan ɗaya ya ɗan ɗara eka kaɗan. Auduga kuwa hannu take so, kuma hannun da ya tsince ta da yawansa na mutanenmu ne, waɗanda a can ake wa laƙabi da Fallata ko Takari. Gonar haya da ake kira hawasha ba kowa ya samu ba a cikinsu. Da yawa sai suka zauna a ƙananan unguwanni a gefen tur'a, waɗanda ake ce wa kambo.

Ƙauyen su Baffa yana tsakanin Wad Madani da Sinnar. Ɗansa ya tare ni a bakin titi da babur. Na tarar da tsohon zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, dogo, siriri, da farar jallabiya. Da na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna bai saki ba, yana kallon fuskata, can ya ce, "Ɗana, goshin gidanmu ne wannan." Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda nake ji a bakin kakata, sai dai Larabci ya shiga cikinta kamar gishiri a miya. Jirgi a wurinsa gaɗar ne, tasha kuwa mahaɗɗa. Da na miƙa ƙullin daddawa, matarsa ta sinsina ta, ta juya baya tana share ido, ita da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Washegari bayan an sha shayi na ce, "Baffa, na ga ƙarfen jirgi a bayan gari. Akwai tasha?" Ya yi dariya ya ce, "Tasha ai ita ta haife mu. Ɗauko min sandata."

Tashar ba ta fi ɗaki uku ba, na jan bulo, rufin ya fara zubewa. Ga sandar alama a tsaye, hannunta a sake. Ga awaki kwance a kan layi suna tuƙa. Amma abin da Baffa ya kai ni na gani shi ne wani babban tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, tsatsa ta cinye gindinsa. Ya buga ƙafar tankin da sanda ya ce, "Wannan shi ne kasuwarmu."

Sai da ya yi bayani na gane. Kan jirgi na da, mai tururi, tukunya ce babba a kan ƙafafun ƙarfe. A hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafun. Saboda haka ba ya rabuwa da ƙishirwa. In ya yi tafiya kaɗan dole ya tsaya a ɗura masa ruwa, a gyara wuta, a bi gaɓoɓinsa da mai. Layin kuma guda ɗaya ne, in wani jirgi na tafe daga gaba sai an jira shi ya wuce. To duk wannan tsayawa, a wurin fasinja ɓata lokaci ne, a wurin mai talla kuwa arziki. Baban Baffa ya lura da haka tun shekararsa ta biyu a tsinkar auduga. Ya kafa tukuba a gindin tankin nan yana gasa nama. Har yau a duk faɗin Sudan sunan tsire agashe, kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar ya san daga bakin wa ta fito. Matarsa tana suyar ƙosai, tana dama godo-godo, wani kunun gero mai kauri da Hausawan can suka shahara da shi. Baffa yana yaro shi ke bin tagogin taragu da faranti a ka.

Ya ce, "Jirgin Ubayyid in ya tsaya, sai in tafi can baya wajen daraja ta huɗu, inda talakawa suke, wasu ma a kan rufi. Ina ɗaga murya na ce ga ƙosai da Hausa, sai ka ga kawuna sun leƙo. Wannan ya ce daga Katsina, wannan daga Zazzau, wannan daga Damagaram. Babana ya bar tukuba ya zo yana tambayar wa ya rasu, wa aka naɗa, an yi ruwa bana?" Tashar ita ce gidan wayarsu, ita ce rediyonsu. Wani fasinjan ma da ya ji Hausa, kuma kuɗinsa dama sun kusa ƙarewa, sai ya sauke ƙunshinsa ya ce bari ya kwana biyu. Haka gidaje uku suka zama talatin. Har mata, in ji shi, sukan zo da bokiti, mai hura wutar jirgi ya buɗe musu famfo su tari ruwan zafi na wanki.

Ku lura da kyau, ba a tashar su Baffa kaɗai aka yi haka ba. Ku bi layin a taswira. Ya iso Wad Madani a 1909, ya wuce Sinnar, ya ƙetare Farin Nilu a gadar Kosti a 1910, ya nufi Ubayyid. A 1924 jirgi ya isa Kasala, a 1929 aka haɗe Gadarif da Sinnar. A shekarun 1950 aka ja reshe ta Sinja zuwa Damazin, a 1959 kuma layin yamma ya kai Niyala. Duk garuruwan nan da na lissafa, babu wanda za ka shiga ka rasa unguwar Hausawa.

Sai dizal ya zo. Mu a Kano gas muke ce wa man, 'yan'uwanmu na Nijar su ce gazuwal, a Sudan kuma jaz. Hukumar jirgin ƙasa ta Sudan, wadda hedikwatarta da manyan ma'aikatunta ke Atbara, tana da hujja mai ƙarfi ta son sa. Mu a Nijeriya muna da kwal a Inugu. Su ba su da shi. Sai an kawo shi a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, sannan jirgin ƙasa ya yi dakon abincin kansa zuwa cikin ƙasa. Ko da aka mai da masu tururin suna ƙona baƙin mai, matsalar ruwa tana nan, a ƙasar da wani layin ke ratsa sahara tsantsa. Shi kuwa kan jirgi na dizal wani abu ne daban. Babban inji ne a ciki yana juya janareta, wutar da janareta ya bayar ita ke zuwa ga wasu injinan lantarki da ke maƙale da ƙafafun, su juya su. Wato tashar wuta ce mai tafiya. Ruwan da yake buƙata na lagireto ne kawai. Ba sai an kwana ana hura masa wuta ba, ana tayarwa ya tashi. Ya fi jan kaya, ya fi jure doguwar tafiya.

Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara sauyin, wajen 1960 kuma manyan kawunan kamfanin English Electric na Ingila suka fara shigowa. Kamfanin nan shi ne ya kawo mana namu na farko a Nijeriya a 1955, kuma faɗin layinmu da nasu ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6. Daga baya aka sayo na Hitachi daga Japan, da na General Electric daga Amurka, da na Jamus.

Baffa ya ce yana saurayi ɗan shekara goma sha shida ranar da ya fara ganinsa. "Ba tari, ba tartsatsi, sai wani gurnani tun daga nesa. Duk muka fito da farantai kamar kullum. Ya rage gudu, direba ya miƙo hannu ya karɓi zoben izinin hanya daga mai tasha, ya wuce. Ko kallon tankin bai yi ba. Innata tana tsaye da ƙosai mai zafi, har tarago na ƙarshe ya ɓace ba ta sauke farantin ba." Jirgin da ake kira mushtarak, mai haɗa kaya da fasinja, ya ci gaba da tsayawa, amma tsayawar da a da ake cin nama har a sha shayi a kai, ta koma ta minti biyu ko uku. Kafin ka ba da canji an busa usur.

Gaskiya ɗaya ce, kada mu zalunci dizal. Ga babban ɗan kasuwa alheri ne. Auduga da riɗi da gyaɗa da ƙaro suka riƙa isa bakin teku a kan lokaci. A farkon shekarun 1970 jiragen Sudan suna ɗaukar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara, a kan layi mai tsawon fiye da kilomita 4,000. Mu Kanawa mun san wannan ciwo. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita, ai ba don ado aka tara ta ba, jirgi ne ya kasa kwashewa da sauri. Inji ɗaya ne ya cika aljihun mai buhu dubu, ya kuma kashe kasuwar mai faranti ɗaya. Ba kuma rana ɗaya abin ya faru ko'ina ba. Manyan dizal suna da nauyi, layukan yamma da na kudu kuwa ƙarfensu marar kauri ne, don haka masu tururi suka daɗe suna aiki ta wajen Sinnar da Kosti har cikin shekarun 1980.

Akwai kuma wani ƙaramin jirgi da Baffa ya nuna min gurbinsa a kan hanyarmu ta komawa gida. Wani dogon tudu ne siriri a gefen tur'a, ciyawa ta rufe shi. Nan ne layin jirgin auduga na Jazira ya bi, mai faɗin ƙafa 2 kacal, wanda ya ratsa gonakin ɗaruruwan kilomita. 'Yan ƙananan dizal ne ke jansa, wasunsu ƙirar kamfanin Hunslet na Ingila, suna kwasar auduga daga gonaki zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa. Ya ce yara har tsere suke yi da shi a ƙafa. Bayan da aka sauya dokar aikin Jazira a 2005, auduga ta ja baya, jirgin ya tsaya, ƙarafunan ma aka kwashe. Yanzu sai jakuna ke bin tudun, don da damina shi kaɗai ne ba ya caɓewa.

Na ce, "To Baffa, shi babban dizal ɗin da ya kori mai tururi, ina ya shiga? Kwanana biyu a nan ban ji kukan jirgi ba." Ya ce, "Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana."

Abin da yake nufi shi ne wannan. Mai tururi ƙarfe ne da wuta, yawancin abin da ya karye a jikinsa maƙeran Atbara za su iya zuba wani ko su ƙera. Dizal kuwa ɗan gata ne. Ƙurar habub tana toshe masa hanci, zafi yana dafa masa waya, kuma in ƙaramin abu ya lalace sai an aika ƙasar da aka ƙera shi, da kuɗin waje. Ga shi an tara iri-iri, na wannan ba ya shiga na wancan. Da kuɗin waje suka yi wuya, sai aka koma kwance ɗaya a tayar da biyu, har waɗanda ke kwance suka fi masu tafiya yawa. Ana cikin haka aka gama titin kwalta daga Hartum zuwa Bur Sudan a 1980, wanda ya bi ta Wad Madani da Gadarif da Kasala, manyan motoci suka fara janye kayan. A 1981 ma'aikatan jirgi suka yi babban yajin aiki, gwamnatin Numairi ta rushe ƙungiyarsu. Abin mamaki, da yunwar 1984 zuwa 1985 ta afka wa yammacin ƙasar, sai da aka koma aka gyara wasu tsofaffin masu tururi domin su kai hatsi. Da tsohuwar zuma ake magani. Daga 1997 kuma takunkumin Amurka ya sa kayan gyaran kawunan da aka sayo daga can suka ƙara wuya, ba a ɗage shi ba sai a Oktoban 2017. An kawo sababbin jirage daga Sin, kamar na fasinja da ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Atbara a 2014, amma tankin su Baffa bai sake ganin mai shan ruwa ba.

Da dare muna shan gahawa, wadda suke kira jabana, na tambaye shi yadda babansa ya ƙare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa, yana da wani gwangwani da yake tara kuɗin Makka. Zamanin mai tururi gwangwanin ya kusa cika sau biyu, sau ɗaya aurena ya cinye, sau ɗaya ciwon innata. Da dizal ya zo, sai gwangwanin ya koma ana ɗiba ba a zubawa. Na ce masa Baba mu ɗauke tukubar nan mu kai bakin hanyar lori. Ya ce a'a, wannan injin ba zai jure ƙasar nan ba, za su dawo da na da. Ka ga kuwa rabin maganarsa gaskiya ce, bai jure ba. Amma na da ɗin bai dawo mana ba. Shekara goma sha yana jira a gindin tanki, har Allah ya ɗauki abinsa." Bayan rasuwarsa Baffa ya mai da tukubar bakin titi. Da kuɗin tsiren bakin titi ya je Makka, ta bas zuwa Sawakin sannan jirgin ruwa zuwa Jidda, ya yi nasa, bayan wasu shekaru ya koma ya yi wa babansa. Ya ƙara da cewa, "Yanzu ma ina gaya wa yaran nan su buɗe ido. Manyan bas masu sanyi ba sa tsayawa a nan, suna da wuraren cin abincinsu. Abin da dizal ya yi wa babana, shi suke shirin yi mana."

Kafin na koma Hartum, ɗansa ya raka ni Sinnar. Muka tsaya a kan madatsar, mai tsawon kusan kilomita 3, wadda layin dogon Gadarif ya bi ta kanta ya ƙetare kogin. Na tsaya ina kallon ƙarfen da ya nufi gabas, ina tunanin nan ne ƙanen kakana ya kamata ya bi. Daga nan muka gangara kudu kaɗan zuwa Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa wajen 1906, bayan an kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi a 1903. Garin ya girmi isowar jirgi Sinnar, ya girmi madatsar. Har yau akwai sarauta a gidan, kuma a kasuwa za ka ji Hausa da Fulatanci da Larabci suna cuɗanya a baki ɗaya. Abin da na lura shi ne, mutuwar jirgi ba ta karya Mai Wurno yadda ta karya ƙauyen tasha ba. Suna da kogi a gabansu: kifi, lambu, mangwaro, ayaba. In hanya ɗaya ta toshe, akwai abin da za a ɗora wa wata.

Na rubuta wannan ne yau zuciyata ba daɗi, don kun san abin da ya biyo baya. A 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi, a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi, aka rasa rayuka masu yawa, Hausawa da maƙwabtansu, dubbai suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 babban yaƙi ya tashi a Hartum, a Disambar shekarar ya ci Wad Madani, a 2024 ya kai Sinja. Su Baffa suka fita a bayan lori da abin da hannu zai iya ɗauka, suka yi gabas, hanyar da babansa bai samu bi ba. A Gadarif ciwo ya kwantar da shi, can aka binne shi. Ɗansa ya aiko min da saƙon murya ta WhatsApp, na kunna wa gwaggo, ta ce a sake kunnawa, sau uku. Bayan da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, wasu daga cikin yaran sun koma. Na tambayi ɗan nasa me suka tarar. Ya ce an kwashe ƙofofi da buhunan dawa, amma tankin yana nan tsaye, ba wanda ya kula shi.

To 'yan'uwa, ga abin da na ɗauko daga gindin tankin nan, kuma da mu nake, ba da mutanen Sudan kaɗai ba. Yawancinmu a bakin hanya muke ci. Wani a tashar mota, wani a bakin iyaka, wani a bakin tashar jirgin ruwa, wani a inda direbobin tirela ke kwana. Muna zaton hanyar ce ke ciyar da mu, alhali tsayawar ce. Ranar da abin hawa ya daina buƙatar tsayawa a gabanka, ko an sauya inji, ko an yi titin da ya zagaye gari, ko an ɗauke shingen kwastan, hanyar tana nan amma kasuwarka ta tashi. Saboda haka kowa ya tambayi kansa: me ya sa ake tsayawa a inda nake? In dalilin ya gushe gobe, ina zan sa tukubata? Wanda kuma zai zuba jarinsa a inji, ko mota ce ko injin niƙa ko janareta, kafin ya tambayi ƙarfinsa ya fara tambayar bakaniken da ya san shi da shagon da ke da kayansa. Abin da ya kwantar da manyan kawunan jirgi na ƙasa guda ba zai ji kunyar naka ba.

Ga shi yanzu ana shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina murna da shi ƙwarai, Allah ya nuna mana ranar da zan hau. Amma 'yan'uwana na garuruwan da ke kan hanyar, masu shaguna da masu abinci da masu dako, kada murnar "jirgi zai bi ta garinmu" ta ishe ku. Ku bincika tun yanzu: a ina zai tsaya, minti nawa, kuma kayan wa zai sauke? Lorin da ke kwana a ƙofar shagonka yau, zai ci gaba da kwana?

Wanda kuma yake da dangi a Jazira ko Sinnar ko Damazin, ko da lambar waya ce a jikin tsohuwar takarda, ya daure ya kira. Suna cikin hali, kuma jininmu ne. Ni da na bari sai baɗi, da ban ga Baffa ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan hanyar ɗakinsa, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a nemanmu. Amin.